Kar ka yi wa wayar Alhaji filashin, matsalar ba a wayar take ba

Ƙanena na ga saƙonka tun ina cikin gosulo a Oshodi, sai yanzu na samu zama. Ka ce Alhajin nan mai shigo da kayan babur ya kawo wayarsa shago, wai imel ya shigo masa da sunan kamfanin da yake sayen kaya a Chaina suna cewa sun canza akawun ya tura kuɗi a sabon, kai kuma kana ganin bairos ne ya shiga wayar, kana tambaya ko ka yi mata filashin, wato ka goge ta ka sake ɗora mata manhaja. Kar ka taɓa. Ko sau goma ka goge wayar nan, da ya sake sa adireshinsa saƙon zai dawo, don dama ba a cikinta yake zaune ba.

Ka san yadda ake aika saƙo Kano daga tashar Agege ko? Ka ba direba ambulan, a baya ka rubuta sunan mai aikowa, direba ba zai ce ka nuna katin shaida ba, ko sunan sarki ka rubuta haka zai kai. To imel haka aka gina shi. Ƙa'idar da ke ɗaukar saƙo daga wannan saba (babbar kwamfutar da ke karɓa da aika imel) zuwa waccan sunanta SMTP, wani Ba'amurke Jon Postel ya rubuta ta a 1982, lokacin masu amfani da abin 'yan jami'a ne da masu bincike, kusan kowa ya san kowa, babu wanda ya kawo 'yan yahu a ransa. Alamar @ ɗin ma ta girme ta, Ray Tomlinson ne ya zaɓe ta tun 1971. Shi ya sa layin nan na From da kwastoma ke kallo ya ce ai ga sunansu nan, rubutun bayan ambulan ne kawai, mai aikowa ne ke cike shi da abin da ya ga dama.

In ka danna tura, wayarka tana miƙa saƙon ga sabar kamfanin imel ɗinka, yawanci ta ƙofa mai lamba 587 ko 465, a nan ne ake tambayar fasiwod. Sabar sai ta tambayi DNS, wato kundin adireshin intanet, wa ke karɓar wasiƙun wannan domen, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin, amsar ita ce abin da muke kira MX, sai ta kai can ta ƙofa 25 ta ajiye. Aikin SMTP ya ƙare ke nan. Ɗaukowa kuma aikin IMAP ne ta 993, ko POP3 ta 995. POP3 shi ne tsohon yayi, yana sauko da saƙo kan kwamfuta kuma in ba ka gyara saitin ba ya share na saba, na taɓa ganin wani ɗan kasuwa ya zauna a bencin shagonmu nan titin Otigba a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya yi tagumi don hadis ɗin kwamfutarsa, wato ma'ajiyar bayananta, ya mutu da wasiƙun shekaru a ciki, tun ranar ban ƙara saita wa kowa POP3 ba sai in shi ya dage. IMAP kuwa saƙo na can saba, waya leƙowa kawai take yi. Manhajar Gmail ma haka take, komai na wurin Google.

To yanzu ga aikin da za ka yi. Ka buɗe imel ɗin Alhaji a laftof, ba a waya ba, in Gmail ne ka shiga saƙon ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Show original. Za ka ga SPF da DKIM da DMARC, gaban kowanne an rubuta ko ya tsallake ko ya faɗi. Waɗannan faci ne da aka yi wa SMTP daga baya da ɓarna ta yi yawa. SPF jerin sabobin da mai domen ya ce su kaɗai ya yarda su yi aike da sunansa. DKIM kamar hatimi ne, sabar mai aikawa tana sa hannu da makullin sirri, mai karɓa ya gwada da makullin da aka wallafa a DNS, in an taɓa saƙon a hanya hatimin ba zai yi daidai ba. DMARC shi ke duba ko domen ɗin da ya tsallake shi ne wanda ke rubuce a From, kuma ya gaya wa mai karɓa me zai yi in bai dace ba, ya bari ya wuce, ya jefa sifam, wato akwatin saƙonnin banza, ko ya mayar da shi. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tilasta wa masu aika saƙo da yawa su saita duka ukun.

Amma fa ba nan gizo ke saƙar ba, kuma nan ne yara irinku ke faɗawa. Kana ganin PASS sau uku sai ka ce wa Alhaji lafiya lau. A'a. Ɗan damfara yana iya sayen domen nasa mai kama da na kamfanin, ya sa r da n a jere inda ya kamata a ga m, ko ya ƙara harafi ɗaya, ya saita SPF da DKIM nasa tsaf, duk za su tsallake don ai domen ɗinsa ne. Ka buɗe tsohon saƙon kamfanin na bara, ka jera adireshin biyu ka bi su harafi harafi da yatsa, wallahi ni kaina haka nake yi har yau. Ka duba layin Reply-To ma, sau da yawa From na gaskiya ne amma amsa wani wuri za ta tafi.

In adireshin daidai ne ɗari bisa ɗari kuma komai ya tsallake, to an shiga akwatin wani, ko na mutanen Chaina ko na Alhaji. Ruwa ba ya tsami banza, ta yaya ɓarawo ya san lokacin biyan kuɗi ya yi? Karantawa yake. Shiga saitin ka duba wurin tura saƙo gaba da wurin filta, wato inda ake saita yadda za a tace saƙonnin da ke shigowa. Akwai wata Hajiya mai atamfa da na taɓa duba wa, sai ga filta a ɓoye, duk saƙon da ke da kalmar inbois, wato takardar neman biyan kuɗi, a tura shi wani adireshi sannan a share, ta canza fasiwod har sau biyu a banza don filtar tana nan tana aikinta. In ka ga irin wannan ka ɗauki hotonsa tukuna, ka goge, ka fitar da duk na'urorin da ke cikin akawun ɗin imel ɗin, sai ka canza fasiwod ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Kar kuma ka ruɗe shi da zancen kwaɗon nan na TLS mai ɓoye saƙo a hanya, shi hanya kawai yake rufewa tsakanin waya da saba ko saba da saba, bai san mai gaskiya da maƙaryaci ba.

Alhaji ya kira mutanensa a lambar da ya saba kiransu, ba wadda ke ƙasan saƙon ba, ya ji da kunnensa ko sun canza akawun. In kuma ya riga ya tura kuɗin, kar ya jira gobe, ya je bankinsa yau yau su nemi a tsayar, sannan ya kai ƙara EFCC. Saƙon kar a goge shi, shi ne hujja. Ka ce masa ya dawo gobe bayan azahar ina shago, kuma kar ka caje shi kuɗin filashin.