Kafin Ku Sayi Lilo: Amsoshin Wasiƙunku Kan Ajin Yara na Haɗin Gwiwa

Assalamu alaikum. Tun da kuɗin makarantun kuɗi ya fara fin ƙarfin aljihun magidanta, wasiƙun da suka fi zuwa mini su ne na iyayen da ke son haɗa kai su buɗe wa ƙananan yaransu aji a cikin unguwa, su riƙa gudanar da shi da kansu. Ga wasu daga ciki.

Gwaggo, mu 14 ne, matan layi ɗaya a Hotoro cikin Kano, kuma 'yan adashi ɗaya. Mun tara naira 600,000 domin buɗe ajin yaranmu 'yan shekara 2 zuwa 5 a wani ɗaki da maigidan ɗayarmu ya ba mu aro. Wasu sun ce a fara da lilo da dokin roba da talabijin, a yi wa bango fenti mai zane-zane. Me za mu fara saya?

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka da wannan tunani. Amma a duk wasiƙar nan ban ga inda kuka ambaci albashin malama ba, kuma shi ne farkon lissafi. Ku nemo mai NCE, wato takardar shaidar malanta, in da hali wadda ta karanci fannin koyar da ƙananan yara, ku yi ciniki da ita a fili, ku ware albashinta na wata 6 da na mai taimaka mata, ku ajiye gefe. Abin da ya rage shi ne kuɗinku na sayayya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun 2024. Na san ƙaramin aji irin naku ba zai kai can ba da farko, amma ku riƙe adadin a zuciya domin ku ji kunyar miƙa wa mace abin da ba zai ishe ta kuɗin adaidaita sahu ba, sannan ku sa ran ta yini tana fara'a da yara 20. Malamar da ake bi bashi ba ta daɗewa, kuma yaro ɗan shekara 3 da ya saba da fuska ɗaya, in aka canza masa ita duk zangon karatu, kuka zai koma yi kamar ranar farko.

Bayan albashi sai ruwa da banɗaki: randa ko bokiti mai famfo, sabulu, fo guda huɗu ko biyar, buta ƙanana. Sai tabarma da inuwa. Lilo ya jira shekara mai zuwa.

Yanzu bari in tsaya a kan fenti da kayan wasa, domin nan ne raina yake ɓaci. Kwanakin baya na leƙa wani aji irin wannan da iyaye suka buɗe. An ƙawata shi, bango ja da rawaya, kujeru kala-kala. Wata yarinya da ba ta wuce shekara biyu da rabi ba tana zaune a lungu tana ɓantarar fentin jikin taga da farce tana kaiwa baki. Na buɗe tafin hannunta, ya yi jawur. Na jiƙa gefen mayafina na goga a jikin wata motar roba da ke hannun ɗan'uwanta, launin ya biyo mayafin. Iyayen nan ba mugaye ba ne, araha suka bi. Mai shago ya ce musu "duk ɗaya ne, Hajiya", suka yarda.

Ba ɗaya ba ne. Fenti mai mai wanda ba a san kamfaninsa ba, musamman ja da rawaya masu ƙyalli, yakan ƙunshi dalma. Mu a ƙasar nan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan gubar dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Can ta hanyar ƙura ta shiga, nan ta ɓawon fenti za ta shiga, amma guba ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan mizani na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro. Ba ta sa zazzaɓi ku lura, ƙwaƙwalwa take ci a hankali, sai an shiga firamare a fara cewa yaro ba ya ganewa. Wace riba aka ci in an buɗe makaranta domin kaifafa basira, aka shafe bangonta da abin da ke dakushe ta? Ku sayi fentin ruwa na kamfanin da aka sani, a rufe da hatiminsa, mai tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a wurin dila, ba wanda aka ɗura a galan a bakin titi ba. In kuɗi bai kai ba, farar ƙasa ta wadatar, yaran su manna zanensu a kai.

Haka kayan wasa. Duk abin da ke warin kalanzir ko ƙonanniyar roba, ku ajiye. Duk wanda ido ko taya ke cirewa da ɗan ja, ku ajiye, domin abin da ya shige bakin ɗan shekara 2 zai iya tsaya masa a maƙogwaro. Masu kiɗa da walƙiya su ne mafi haɗari, saboda ƙaramin batirin nan mai kama da na agogo. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awoyi kaɗan. Balan-balan ma ban yarda da ita a ajin ƙanana ba. In kun je Ƙofar Wambai sayen kujerun roba, ku danna ƙafar kujera ku gani. Wadda ta yi fari a inda aka lanƙwasa ta kusa karyewa, kuma tsagin roba yana yanka kamar reza. Ni da za ku ji tawa, ku je 'yan katako a Na'ibawa, ku sa kafinta ya yi muku gajerun benci da teburi, ya goge kaifin gefuna, ya yanka muku ragowar katakon ƙanana-ƙanana, masu girman dunƙulen hannun babba, a goge su sumul. Yara za su gina gida da gada da masallaci da su har su gama ajin. Ƙoƙo, ludayi, faifai, tsofaffin tayoyi da aka wanke, yashi mai tsabta: duk kayan koyo ne, kuma babu mai sayar muku da jabunsu.

Abu na ƙarshe: kada kuɗin nan ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da ita ce uwar adashi kuma kun yarda da ita kamar uwa. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, sai mutum biyu sun sa hannu a fitar da kuɗi. Kowace sayayya da rasit, a karanta littafi a gaban kowa duk ƙarshen wata. Zumuncin layi ɗaya yana da wuyar ɗinkewa in kuɗi ya yaga shi.

Hajiya, dole ne sai mun yi rajista? Ɗakin da muka samu a saman bene yake, haya da sauƙi. (Wani uba daga Zariya)

Malam, dole ne. Ku fara da mai unguwa, sannan sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha, inda mutum 10 sun isa a yi wa ƙungiya rajista. Sai dai wannan takarda ta ƙungiya ce, ba izinin makaranta ba. Izini yana wurin hukumomin ilimi na jiha. Kafin duk wannan, ku leƙa firamaren gwamnati mafi kusa, domin dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma wasu makarantun suna da ajin share fage. Wataƙila gyara wancan ajin ya fi muku sauƙi.

Batun bene kuwa, a'a. Yara 'yan shekara 3 da matakala ba sa haɗuwa. Kuma ba mu manta da ginin makarantar da ya rufta a Jos a watan Yulin 2024 ba, inda aka rasa rayuka 22. Ku nemi ɗakin ƙasa mai tagogi biyu, ku duba rijiya da ramin masai an rufe su da siminti, ƙofa kuma kada ta buɗe kai tsaye kan titi.

Anti, wane sunan Turanci ne zai fi jan hankali, kuma wace irin kwamfutar hannu za mu saya wa kowane yaro? Muna so mu fi makarantar bayan layinmu.

Rainon yaranku za ku yi ko gasa za ku shiga? Ba ki gaya mini yara nawa ne ba, ba ki ce wa zai kula da su ba, sai suna da kwamfuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allon waya ko talabijin, kuma yawancin yaranmu sun cinye wannan awar a gida kafin a yi la'asar. Kada ku saya. Ku sa sunan unguwarku a jikin ƙofa. Yunifom ma ba na gaggawa ba ne.

Gwaggo, ina jin nauyin rubuto wannan. Mijina ya rasu bara. Matan unguwa sun sa ni cikin masu buɗe aji, amma ba ni da kuɗin da kowa ke zubawa duk wata, kuma ban yi boko mai nisa ba. Ina tsoron a riƙa kallon ɗana a matsayin alfarma. In janye?

'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Kada ki janye. Ajin da iyaye ke gudanarwa ba kuɗi kaɗai yake ci ba, yana cin hannu da lokaci, kuma su ne suka fi wuyar samu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare, amma duk wadda ta taɓa kai yara uku banɗaki a lokaci ɗaya ta san malama ita kaɗai ba za ta iya ba. Ana buƙatar mai tsayawa a ƙofa da safe ta karɓi yara, ta tabbatar babu wanda aka miƙa wa baƙo da rana. Ana buƙatar mai duba katin rigakafi na kowane yaro, musamman bayan mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, da ƙyanda da ke zagayowa. Ana buƙatar mai tatsuniya da waƙar tafa-tafa, mai koya musu wanke hannu da bismillah kafin cin abinci.

Ki je taro na gaba ki ce a fili: ga kwana biyu a mako da zan riƙa bayarwa a madadin kuɗi. Ki roƙi a rubuta shi cikin dokokin ƙungiya, a ƙayyade awa nawa ke daidai da kuɗin wata, domin ya zama haƙƙi ga duk wadda ta shiga irin halinki, ba tausayin da za a goranta miki gobe ba. In kina jin nauyin faɗa da bakinki, ki sami babbar da kika fi sakewa da ita cikinsu tun kafin ranar, ta gabatar da maganar, ke kuma ki zo da ɗanki da katin rigakafinsa a hannu.