Wani a Faransa yana son sayen Peugeot 504 ta mahaifinmu: a yi cinikin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 ƙirar 1979, haɗin Kaduna. Tana ajiye a garejin gidanmu, fentinta na asali ne, injin ma ba a taɓa sauke shi ba. Ƙanena ya sa hotunanta a Facebook, sai ga wani ya yi mana magana, ya ce a Faransa yake, zai saya a kan Yuro 9,000. Ko ragi bai nema ba. Ya ce zai turo 11,000, mu cire namu, mu tura wa ejan ɗinsa ragowar, shi zai zo ya ɗauki motar. Wasu a gida kuma sun ce mu yi mata sabon fenti da kushin kafin a zo. Shin a yi cinikin nan? In kuma na gaskiya ne, yaya ake fitar da mota daga Zariya zuwa can?

Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Wannan mutumin dai ku rabu da shi. Ba sai na ga saƙonninsa ba, maganar ƙarin 2,000 ɗin nan ta isa. Tsohuwar damfara ce, kuma ga yadda take tafiya. Zai turo muku takardar shaidar tura kuɗi mai ɗauke da tambarin banki, ko alat na bogi, sannan ya fara matsa muku cewa ejan yana hanya, a yi sauri a tura masa nasa. Wani lokacin kuɗin ma kan shigo da gaske, amma daga asusun wani bawan Allah da aka yi wa kutse, ko ta cekin da zai dawo bayan makonni. Ranar da bankin can ya farga, za a janye kuɗin gaba ɗaya, a rufe asusunku, ku ne kuma za ku yi wa jami'an EFCC bayani. Shi kuwa 2,000 ɗin da kuka tura daga aljihunku ya tafi ke nan. Motar ma ba ita ce gabansa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, wanda zai biya kuɗi masu yawa haka bai nemi ragin ko sisi ba, bai tambayi lambar shasi ba, ba mai sayen mota ba ne.

Amma masu saye na gaskiya suna nan, kuma akwai dalilin da zai sa Bafaranshe ya waiwayo Arewa neman 504. A 1968 Peugeot ta fito da ita, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, aka daina ƙera ta a Turai a 1983. Mu kuwa kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Waɗanda suka rage a Faransa, da yawa an kwaso su zuwa Afirka tun tuni a matsayin na hannu, wasu kuma tsatsa ta cinye su, domin can gishiri ake barbaɗa wa tituna lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma shi ke ruɓar da ƙasan mota. Motar da ta yi zamanta a busasshiyar iskar Zazzau, a ƙarƙashin rufi, tana da abin da kuɗi ba sa saye a can: lafiyayyen ƙarfe.

Sai dai kada a ɗora buri da yawa. Cikin dangin 504, masu tsada su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen sama. Taku mai ƙofa huɗu ce, ita ce aka fi ƙerawa, don haka farashinta matsakaici ne. Ku shiga Leboncoin, inda Faransawa ke tallan kayansu, ku duba nawa ake sa wa irin taku a can. Daga wannan farashin mai saye zai cire kuɗin jirgi da haraji da gyara, abin da ya rage shi ne abin da zai iya ba ku.

Maganar fenti da kushin kuma, don Allah a dakata. A kasuwarmu sabon fenti yana ƙara wa mota kuɗi, a kasuwar masu tara tsofaffin motoci kuwa rage mata yake yi. Da zarar mai saye ya ga fenti yana sheƙi a jikin motar 1979, abin da zai fara zuwa masa shi ne an ɓoye wani abu. Wanda zai turo ya duba masa zai zo da ɗan maganaɗisu, ya riƙa ɗora shi a gefen ƙofa da saman taya. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, fila ce aka shafe rami da ita, kuma daga nan duk abin da kuka faɗa sai an yi shakkarsa. Fentin da rana ta koɗar, da kushin ɗin da ya ɗan tsage a wajen zaman direba, su ne shaidar cewa ba a taɓa ta ba.

Akwai kuma dalili na doka. A ƙasashen Tarayyar Turai, motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a yi mata babban sauyi a injin, shasi, birki, sitiyari ko jiki ba, tana iya shiga a matsayin tsohuwar mota ta masu tarawa. In ta shiga a haka ba a biyan kuɗin fito, harajin VAT kuma a Faransa kashi 5.5 ne cikin ɗari maimakon 20. Kun ga ke nan in wani bakanike ya ba ku shawarar a sa mata injin wata mota don ta fi tashi da wuri, kuɗin da mai saye zai kashe kuka ƙara, naku kuka rage. A wanke ta kawai, a canza bakin mai, a sa batir, a ga ko za ta tashi. Duk abin da aka cire a ajiye shi a but, ko da ya lalace. Littafin da ta zo da shi, jak ɗinta, tsofaffin rasit na sabis, har hoton Baba a tsaye kusa da ita, duk suna da daraja a wurin mutanen nan.

Kafin a je ga mai saye ma, akwai abin da ya kamata a gama a cikin gida. Wannan mota dukiyar gado ce, akwai haƙƙin kowane magaji a cikinta, har da iyaye mata da 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu. In ba a raba gado ba, a je kotun shari'a a raba, ko magada duka su sa hannu a takarda cewa sun wakilta mutum ɗaya ya sayar. Sunan Baba ne a takardun motar, don haka dole a sami takardar da ta haɗa sunansa da na mai sayarwa, in ba haka ba banki da kwastan za su tsayar da ku, can ma mai saye ba zai iya yi mata rajista ba. Ina yawan ganin ciniki ya faɗa, mota ta kama hanya, sannan wani ɗan'uwa ya taso ya ce ba da saninsa ba.

Sannan a buɗe bonet a nemo lambar shasi. Akwai ƙaramin faranti da aka manne da rifit, akwai kuma lambar da aka buga a jikin ƙarfen kansa. A goge maiƙon wurin da tsumma da ɗan kananzir, a ɗora farar takarda, a goga fensir a kai har lambobin su fito. A gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin takardun mota. Ko lamba guda ce ta bambanta, ko da kuskuren wanda ya buga takardar ne shekaru arba'in da suka wuce, a gyara a ofishin lasisi tun motar tana gida. Haka za a yi wa lambar injin.

Yanzu kuɗi. Ku sani shi ma mai saye na gaskiya tsoronku yake ji, ya sha jin labarin 419, kuma cinikin biri a sama yake yi. Saboda haka ku taimake shi ya yarda da ku. Ku yi kiran bidiyo kai tsaye, ku tayar da injin da sanyin safiya yana kallo, ku kai ta wurin wanki mai rami a haska masa ƙasanta, ku nuna masa duk wani aibi kafin ya gano da kansa. In ya ce zai turo wanda zai duba masa, ku yi maraba, amma a gidanku za a duba. Mai saye na gaske zai dame ku da tambayoyi, zai kuma yi ciniki kamar kowa.

In an daidaita, a rubuta yarjejeniya da sunan kowa kamar yadda yake a fasfo, da lambar shasi, da farashi, da wanda zai ɗauki kowane kashe kuɗi. Ya ba da kafin alƙalami ta banki, daga asusun da ke ɗauke da sunansa, zuwa asusun kuɗin waje. Hoton alat ba kuɗi ba ne. Ka taka da ƙafarka zuwa bankinka, su tabbatar maka kuɗin sun zauna. Ni abin da na fi so shi ne a biya duka kafin mota ta bar gida. In ya ƙi, akwai tsaka-tsaki: ya biya wani kaso, a loda mota, amma takardar jirgi ta asali, wadda sai da ita ake sakin kaya a tashar can, ta zauna a hannunku har cikon ya shigo. Banki ma yana iya shiga tsakani da wasiƙar lamuni, sai dai cajinta yana da nauyi a kan ciniki ƙarami irin wannan. In ya turo muku wani shafin intanet ya ce can za a ajiye kuɗin amana, kada ku yarda da shafin da shi ya zaɓa. Tsabar kuɗi a jaka kuma a guje ta, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓar tsabar da ta haura Naira miliyan 5 ba ta banki ba.

Fitar da kaya don sayarwa yana da nasa tsari. Ana cike fom ɗin fitar da kaya mai suna NXP ta hannun banki, ana buƙatar rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, ana biyan kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan a matsayin kuɗin duba kaya, kuma Babban Banki ya wajabta kuɗin cinikin su shigo ƙasa cikin kwana 180 daga ranar da ke kan takardar jirgi. Don mota ɗaya ba za ku buɗe kamfani ba, yawanci ta hannun wani kamfani mai rajista ake bi. Nan akwai wurin lura: kuɗin fitarwa asusun wanda sunansa ke kan fom suke shiga, don haka a rubuta tsakaninku da shi yadda da ranar da zai miƙo muku naku.

Jerin kayan da kwastan ta hana fitarwa ya haɗa da tarkacen ƙarfe, da kayan tarihi, da kayan da aka shigo da su daga waje. Wannan ya sa haɗin Kaduna ya zama abin da za ku riƙe da kyau, ku nemo duk wata takarda da ke nuna daga PAN ko dilanta aka saye ta. Ya kuma sa yana da muhimmanci motar ta kasance a cike, tana tashi, kada wani ya kalle ta ya ce ƙarfen gwangwan ne. Ejan mai lasisin kwastan ya warware muku wannan a rubuce tun kafin ku karɓi kafin alƙalami.

Daga Zariya zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 800, kada a ce za a tuƙa motar da ta daɗe a ajiye, a ɗora ta a kan babbar mota. Akwai tashar tsandauri a Kakuri, Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, ku sa ejan ya tambayo ko za a iya lodi da rufe kwantena daga nan, ya gwada kuɗin da na kai ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas. Jirgin da ake tuƙa mota a shigar da ita ya fi araha, amma motar tana wucewa ta hannaye da yawa da makullinta a jiki, kuma ƙananan abubuwa irin tambari da madubi da murfin taya su ne ke ɓacewa, su ne kuma masu wuyar samu. Kwantena mai ƙafa 20 ta fi. A rage man tanki, a cire kan batir, a ɗaure tayoyin huɗu, a ɗauki hoto kafin a rufe, a rubuta lambar hatimin ƙofa. Wani daga cikinku ya tsaya a wurin lokacin da jami'ai ke dubawa. Kada ku yarda kowa ya sa ko da leda ɗaya a cikin motar da sunan saƙo, domin duk abin da jami'an NDLEA suka samu a ciki, masu motar za a fara nema.

A yarjejeniyar ku nemi alhakinku ya ƙare da zarar an ɗora kwantena a jirgi, abin da ake kira FOB. Kuɗin jirgi, inshorar teku, haraji da rajistar can, duk su zama na mai saye, ya biya kamfanin jirgi da kansa. Ku kuma ku lissafa naku tun yanzu: kotu, ejan, babbar mota, lodi, cajin banki. In kun cire su kuka ga abin da ya rage bai fi abin da wani a Kaduna, Abuja ko Legas zai ba ku a hannu ba, to ku sayar a gida, masu son irin waɗannan motoci suna nan a cikinmu. In kuma waje za ta, ku cire lambar motar kafin a rufe kwantena, ku sanar da ofishin lasisi a rubuce cewa ta bar ƙasa, kowane magaji kuma a ba shi kwafin yarjejeniyar da na takardar jirgi.