Kafin ka ci bashi don hoton taurari a Legas

Tambaya: Ina da shagon ɗaukar hoto a Agege. Masu shirin aure sun fara nuna mini hotunan ango da amarya a ƙarƙashin taurari, suna so in yi musu irinsu. Ina tunanin cin bashin naira miliyan 2 in sayi sabuwar kyamara. Ya kake gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata da maganar bashin nan tukuna. Hajar da kake son sayarwa sararin sama ce, shi kuwa na Legas wuya gare shi. Fita ƙofar shagonka da ƙarfe 10 na dare ka ɗaga kai: fitilun gari sun dusashe taurarin, da ƙyar ka ƙirga goma. Daga Afrilu zuwa Oktoba hadari ne, Disamba da Janairu kuma hazo. Damarka mafi kyau tana wajen Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da Kaza da 'Ya'yanta ke kwana a sama. Nan ma sai a ƙarshen watan Musulunci, daren 27 zuwa 29, da babu farin wata. Darare nawa ke nan a shekara? Mai bashi kuwa duk wata zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ka yi hayar gilashin kyamara mai faɗin gani, kamar 24mm, na kwana ɗaya. Ɗauki abokinka ku nufi bayan Epe ko Badagry ku gwada. Kafa kyamarar a kan ƙafarta, ka bar idonta a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 20. In ya wuce haka taurari za su fara jan layi, don duniya juyawa take. Filasha ɗaya ta haska mutanen, su tsaya cik kamar an dasa su. In hoto ya yi, ka samu abin nuna wa masu zuwa shago ba tare da ka ci bashin ko kwabo ba.

Kuɗin aikin kuma ka yanka shi da lissafin tafiya: mota, mai, kuɗin shiga bakin teku, na goron samarin unguwa, da daren da hadari zai kore ku. Karɓi rabi kafin alƙalami, ku rubuta cewa in sama ta rufe za a sake rana.

Abin da ya fi damuna shi ne mutuncin yarinyar. Iyaye da yawa a Agege da Idi-Araba ba za su bar 'yarsu ta fita bayan gari da dare da wanda bai aure ta ba, kuma ina bayansu. Ka tallata aikin a matsayin na bayan ɗaurin aure, kafin tarewa, ko ka sa sharaɗin yayanta ko gwaggonta su biyo ku.

Wanda ya ce a ɗauke shi a shago a liƙa masa taurari da kwamfuta, yi masa a farashi mai sauƙi, amma ka faɗa masa ƙarara cewa haɗi ne tun kafin ya biya.