Filin Tambayi Injiniya: Tsawon yanka a injin leda

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da injin jan leda da yanka ta, mai aiki da moto mai taku-taku da allon Trinamic TMCM-1140. Duk sanda aka canja tsawon leda sai na jona kwamfuta na bi shirin layi-layi ina gyara lambar a wuri shida. Babu yadda zan rubuta ta sau ɗaya? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma a cikin allon naka take. Harshen da yake ji, TMCL, na kamfanin Trinamic ne na Hambug a Jamus, wanda yanzu yake hannun Analog Devices. Harshen ya tanadi ma'ajiyar lambobi guda 256, daga 0 zuwa 255, a rukuni na 2. Ka ware ta 0 don tsawon leda. In ka rubuta SGP 0, 2, 150 ka ajiye milimita 150 ke nan.

Inda mutane suke tuntuɓe shi ne ciro lambar. Umarnin MVP da ka saba da shi, mai tura moto zuwa wani wuri, lamba tsagwaronta yake karɓa, ba ya leƙa ma'ajiya. Dole komai ya bi ta akumuleta, wato gurbi ɗaya tak da allon yake lissafi a kai. Kamar faifan sikelin mai awo yake: abin da ka ɗora yanzu shi ne a kai, na baya ya sauka. Shi ya sa aka yi gurbi na biyu, X, don ajiya ta ɗan lokaci.

Mu ɗauka kewayen rolarka milimita 100 ne, kuma moto ne yake juya ta kai tsaye. Moton mai taku 200 ne, in an raba kowane taku gida 256, zagaye ɗaya ƙananan taku 51200 ke nan, wato 512 a kowace milimita. Sai ka rubuta:

Ja: GGP 0, 2
CALC MUL, 512
CALCX LOAD
GAP 1, 0
CALCX ADD
AAP 0, 0
WAIT POS, 0, 0
RSUB

Layi na farko ya ciro tsawon, na biyu ya mayar da shi taku, na uku ya ajiye sakamakon a X. Daga nan aka karanto inda moto yake, aka haɗa, AAP ya miƙa jimlar a matsayin inda za a je. Ka tabbata ka yi MVP sau ɗaya a farkon shirin. In ROR, wato umarnin juya moto ba tsayawa, shi ne umarnin ƙarshe da moto ya samu, yana yanayin juyi ne, ba zai kula da sabon zangon ba.

Wannan ƙaramin shirin mai suna Ja shi ne zai maye wuraren nan shida. Ko'ina kake son a ja leda, ka sa CSUB Ja, RSUB zai dawo da kai layin da ke biye. Ba a miƙa masa lamba a wurin kira, ta ma'ajiya kawai kuke magana da shi. Kira a cikin kira kuma iyakarsa hawa 8. Ni dai ba na wuce biyu, don ranar da abu ya rikice a iya bin sawunsa. Ka kuma sa STOP a ƙarshen babban shirin, kada ya zarce cikin Ja ba a kira shi ba.

Saura wuta. Da an ɗauke ta, abin da SGP ya rubuta ya tafi. STGP 0, 2 zai adana shi dindindin, amma ma'ajiya 56 na farko ne kaɗai suke da wannan damar. Kada ka kuskura ka sa STGP a cikin zagayen da yake maimaituwa kowane yanka, domin EEPROM, wato ƙwaƙwalwar da STGP yake adana lamba a ciki, tana da iyakar rubutu. Ka adana sai ranar da tsawon ya canja.