Bashi ya fi ƙarfina: me zai faru idan na kai kaina kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum, lauya. Wata takwas ke nan da na rasa aikina. Banki yana bi na, kuma yayana ne ya tsaya min lokacin da na karɓa. Akwai bashin katin banki, akwai kuma kuɗin da na ranta wajen kawuna. Yanzu waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. An ce akwai hanyar da mutum zai shaida wa kotu cewa ya karye, a yafe masa. Yaya abin yake? Wani abokina ya ce kafin in je in mayar da motata sunan ƙanena, in kuma biya kawu nasa tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yaye maka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka kada kunya ta hana ka neman mafita. Amma kafin komai, shawarar abokin nan ka ajiye ta gefe. Zan dawo kanta.

Dokar karayar arziki musaya ce. Kai za ka buɗe cikinka, ka faɗi duk abin da ka mallaka da duk wanda yake bin ka, ka miƙa abin da doka ta ce a sayar. Ita kuma kotu ta tsayar da masu bin ka, daga ƙarshe ta sauke maka abin da ya rage. Kowace ƙasa da tata dokar, amma ginshiƙin ɗaya ne; zan ba ka misali da Amurka da Ingila.

Da farko za ka cike takardu: albashi ko abin da ke shigowa, kuɗin haya da na cefane, kadarori, sunan kowane mai bin ka da adadin kuɗinsa. A Amurka sai ka zauna da mai ba da shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin ka shigar da ƙara. A Ingila tun 2016 ta intanet ake nema. Da zarar an shigar da ƙarar a Amurka, doka ta ɗaure hannun masu bin bashi nan take: ba kira, ba wasiƙar barazana, ba yankar albashi. Na ga mutanen da suka ce min a daren ne suka fara yin barci da waya a kunne.

Daga nan sai a naɗa wakili wanda zai riƙe dukiyarka. Shi zai zaunar da kai ya yi maka tambayoyi, ya bi takardun bankinka layi-layi. Ba a tsiraita mutum. Tufafi, kayan ɗaki na yau da kullum da kayan sana'ar da kake ci da ita galibi ana bar maka su. Abin da ya wuce haka sai a sayar a raba wa masu bin ka. Gida ko motar da aka yi jingina da su kuwa, mai jinginar yana nan da haƙƙinsa a kansu.

A Amurka hanya biyu aka fi bi. Babi na 7 na dokar karayar arziki shi ne a sayar a sallame ka, wato a sauke maka sauran bashin, yawanci cikin kamar wata huɗu, kuma tun 2005 sai an auna samunka an ga ka cancanta. Babi na 13 na mai albashi ne: ka riƙe kayanka, ka riƙa biya bisa tsarin da kotu ta amince da shi na shekara 3 zuwa 5. A Ingila ana sallamar mutum bayan wata 12, amma idan samunsa yana da rara za a iya karɓa daga ciki har shekara 3.

To, ga batun mota da kawu. Na san zuciyarka tana wajen kawu, don shi ya share maka hawaye ba takarda ba kuɗin ruwa. Amma a idon doka shi da banki duk masu bin bashi ne, ba a fifita wani. A Amurka wakilin yana iya komawa baya shekara guda ya ƙwato abin da ka biya ɗan'uwa, kwana 90 kuma ga wanda ba dangi ba. Ka ga ke nan ka jawo wa dattijon nan takardar kotu yana zaman zamansa. Mayar da mota sunan ƙane ya fi wannan muni, don ɓoye dukiya ne. Za a dawo da motar, ana iya hana ka sallamar gaba ɗaya, har ma a tuhume ka da laifi. A Ingila ana iya tsawaita takunkumin da doka ke ɗora wa wanda ya karye na tsawon shekara 2 zuwa 15. Idan an sallame ka, babu mai hana ka biyan kawu daga sabon guminka.

Kuma ba kowane bashi ake saukewa ba. Kuɗin ciyar da 'ya'ya, tarar kotu, bashin da aka ci ta hanyar zamba da yawancin bashin karatu suna nan suna jiran ka. Tabon kuma yana daɗewa: shekara 10 a tarihin bashinka da masu ba da rance ke dubawa bayan Babi na 7, shekara 6 a Ingila. Shi ya sa nake so ka fara gwada zama da bankin ko zai rage maka ko ya tsawaita lokaci, ka kuma kai takardunka wajen lauyan da ya san dokar ƙasar da kake zaune.

Saura yayanka, kuma wannan ne ya fi damuna a wasiƙarka. Sallamar taka ce kai kaɗai. Shi da ya sa hannu ya tsaya maka, banki zai juya kansa ya nemi kuɗinsa. Ka je ka same shi har gida ka faɗa masa da bakinka, tun wasiƙar banki ba ta riga ka isa ba.