Tambayi Likita: In Tashar Nukiliya Ta Tsufa, Wa Ke Da Alhakin Ragowarta?

Tambayoyin wannan makon duk sun karkata ga tururin nukiliya, wato radiyeshin, don haka na haɗa huɗu daga ciki wuri guda.

Daga Dammam: Likita, ga tashar Bushehr ta Iran a tsallaken teku, ga Barakah a Daular Larabawa. In suka tsufa aka kashe su, hatsarin ya ƙare ke nan?

Malam, kashe tasha aikin yini ɗaya ne, kwance ta kuwa sai an kwashe shekaru aru-aru ana fama da wani ɓangaren sharar. Jamus ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, amma tashar Greifswald da ta fara kwancewa tun 1995 har yau ba a kammala ba. Sandunan makamashin da aka gama amfani da su suna fitowa da zafi da tururi mai kisa, dole su zauna cikin tafkin ruwa na wasu shekaru kafin a zuba su a manyan tukwanen ƙarfe da kankare. A cikin sharar, sinadarin siziyom-137 sai ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, fulutoniyom-239 kuwa shekara 24,000. Shi ya sa Finland ta haƙa ma'ajiyar Onkalo, fiye da mita 400 a cikin dutse.

Bushehr ta fara aiki a 2011, Barakah a 2020, Saudiyya kuma ba ta da tashar lantarki ta nukiliya tukuna, saboda haka kwancewar ba yau ba ce. In aka yi aikin bisa ƙa'ida, tururin da zai kai ga mutumin gari bai kai wanda yake samu daga ƙasa da sararin sama ba, wato kimanin milisibat 2.4 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin tururin da jiki ya sha). Ni abin da ya fi damuna shi ne rufa-rufa. A tashar San Onofre ta Amurka, a Agustan 2018, wata tukunyar shara ta maƙale ana cikin saukar da ita rami, saura ƙiris ta faɗo daga tsayin kusan mita biyar. Jama'a ba su ji ba sai da wani ma'aikaci ya miƙe a taron gari ya fasa ƙwai, daga baya hukuma ta ci kamfanin tara.

Daga Jidda: Sana'ata gwangwan. An ce ƙarafan irin waɗannan wurare na shigowa kasuwa. Yaya zan gane su?

Alhaji, tambayarka ta fi ta kowa kusa da mu, don ’yan uwanmu da yawa a nan da ƙarfe suke ci. Ƙarfen tasha ana auna shi kafin ya fita. Wanda ya fi kashe ’yan gwangwan shi ne na'urar asibiti ko ta masana'anta da aka yasar babu mai lissafinta.

A garin Goiania na Brazil, a 1987, wasu mutum biyu suka ɗauko kan injin gashin ciwon daji daga wani asibitin da aka tashi aka bari, suka fasa shi, suka sayar wa mai gwangwan. Mai gwangwan ya ga wani gari kamar hoda yana ƙyallin shuɗi cikin duhu, ya kai gida, ’yan uwa suka riƙa zuwa kallo, har da masu shafawa a jiki. Wata yarinya ’yar shekara 6 ta ci abinci da garin a hannunta. Da amai da gudawa suka kama gidan, matar mai gwangwan ce ta zargi abin, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai wa jami'an lafiya. Ita da yarinyar suna cikin mutum huɗu da suka rasu, aka kuma auna mutum wajen 112,000. Irin haka ta faru a kasuwar Mayapuri ta Delhi a 2010, da wata na'urar jami'a da aka yi gwanjonta, mutum ɗaya ya mutu.

Tururin ba shi da wari, ido kuma ba ya ganinsa. Abin lura shi ne ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, musamman mai rufin dalma, ko mai alamar fuka-fuki uku a kan rawaya. Kada ka yanka, kada ka sa a aljihu, kada ka kai gida. Matsa nesa, ka hana yara zuwa, ka kira Difa'ul Madani, hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya, a 998. Na san akwai masu gudun hukuma saboda matsalar iƙama, amma wannan ba abin da ake binnewa a bayan gida ba ne. In ka fara amai sa'o'i kaɗan bayan taɓa wani ƙarfe, ko ƙuna ta fito maka bayan kwanaki alhali wuta ba ta taɓa ka ba, ko gashi na zuba, dasashi na jini, ka gaya wa likita sana'arka tun kafin ya tambaya, don mu kanmu mukan ɗauka gubar abinci ce. Tsofaffin bututun mai ma sukan tara dattin da ke ɗauke da radiyom, wani sinadari mai tururi, kada a kankare su a bushe ana shaƙar ƙurar.

Daga Makka: Ɗana yana ɗaukar hoton walda da na'urar tururi a Jubail, ƙarƙashin ɗan kwangila. Ya ce bajon awon tururi ɗaya suke karɓa-karɓa su uku. Zai iya shafa wa ’ya'yansa?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki a kan jikoki: na'urar a rufe take, ba ya kwaso tururin a jiki, ya ɗauki ’ya'yansa yadda ya so. Maganar bajo ce ba zan yi shiru a kai ba. Kowane ma'aikaci nasa ne shi kaɗai, da sunansa, domin shi ne shaidar abin da jikinsa ya sha. Ƙa'idar duniya ita ce kada ya wuce milisibat 20 a shekara in aka raba a kan shekara biyar, kwatankwacin hoton ƙirji 200. In babu rubutaccen lissafi, ranar da ciwo ya zo babu wanda zai amsa laifi. Ko a tashar Fukushima ta Japan an gano a 2012 cewa wani ƙaramin ɗan kwangila ya sa ma'aikatansa rufe na'urar awonsu da dalma don adadin ya fito kaɗan. Ɗanki ya nemi nasa bajon da takardar sakamako, in an hana shi ya kai ƙara hukumar kula da nukiliya ta Saudiyya da aka kafa a 2018.

Daga Madina: In sayi ƙwayar ayodin in riƙa ba yara don rigakafi?

A'a, ’yar uwa. Ƙwayar tana kare abu ɗaya ne kawai, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma daga ayodin mai tururi kaɗai, irin su ayodin-131. Shi ne ya shiga madarar shanu bayan haɗarin tashar Chernobyl a 1986, har yara fiye da 6,000 suka kamu da kansar wurin zuwa 2005. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk kwana 8, don haka tashar da ta shekara a kashe ba ta da sauransa. Ana shan ƙwayar ne lokacin haɗari, in hukumar lafiya ta ba da umarni. Shanta haka kawai na iya rikita aikin halittar, musamman ga jarirai da masu maƙoƙo.