Tambayoyi da amsoshi: Alhaji, dakata kafin ka zuba jaka 700 a akwatin jawo waƙa

Tambaya: Ina da amfilifaya da manyan sifiku biyu a falona, shekarunsu sun kai goma. Ɗana da ke Faransa ya ce in daina haɗa salula da igiya, in sayi sitirima, wato akwatin da ke jawo waƙa daga intanet ta zuba wa amfilifaya kai tsaye. Ya turo mini hoton guda biyu, ɗaya wajen jaka 60, ɗaya ta haura jaka 700, ya ce mai tsadar ta fi fitar da sauti. Kuɗin ba su ne damuwata ba in dai maganar gaskiya ce. Wacce zan ce ya sayo? (Wani Alhaji, unguwar Birni)

Amsa: Ranka ya daɗe, ka ce ya sayo mai arahar, ragowar kuɗin kuma ka riƙe, akwai inda za su yi maka aiki a cikin falon nan naka.

Aikin sitirima bai wuce na ɗan ga-ruwa ba: abin da ya ɗebo a famfo shi zai juye maka a randa, ko kurarsa sabuwa ce ko tsohuwa. Waƙar da ke intanet lambobi ce. Akwatin jaka 60 da na jaka 700 lambobi iri ɗaya suke karɓowa, kuma tsarin intanet kansa yana bincika kowane ƙunshi, in ya lalace a hanya a sake aiko shi. Inda bambanci ke iya shigowa shi ne wajen mayar da lambobin su zama sautin da amfilifaya ke ganewa, aikin wani ɗan ɓangare da ake kira DAC. Shekaru 20 da suka wuce DAC mai kyau tana da tsada. Yau kuwa ƴar igiyar nan ta Apple mai bakin USB-C, wadda ake sayarwa dalar Amurka 9, tana ɗauke da DAC da kunnen yawancinmu ba zai kama mata laifi ba. In ma amfilifayarka na da ƙofar igiyar haske a baya, to magana ta ƙare: sitirima ta miƙa lambobi kawai, amfilifaya ta yi sauran aikin, DAC ɗin da ka biya kuɗi mai yawa dominta tana zaune ba ta taɓa komai.

Ba na cewa mai tsadar yaudara ce. Kana biyan gangar jiki ta ƙarfe mai nauyi, allon da ke nuna hoton mawaƙi, ƙofofi da yawa a baya, manhaja mai daɗin sha'ani, da sunan kamfani. Kamfanin Linn na ƙasar Sikotlan ya fito da sitirimarsa Klimax DS tun 2007, kuma manyan samfuransa na yanzu suna cin dubban dalolin Amurka. A matsakaicin farashi akwai irin su Bluesound Node da Cambridge Audio CXN. A ƙasa akwai WiiM Mini, ƙasa da dalar Amurka 100, da yayanta WiiM Pro. Mai son kayan ado a falo yana da haƙƙin saye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maka sautin zai ninka sau goma saboda kuɗin sun ninka sau goma.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma shi ne wannan. Ina shiga falukan mutanen garin nan gyaran kaya, abu guda nake tararwa. Ƙasa tayil ne fes, bango siminti tsirara, ba labule mai kauri, ba darduma. Sifika ɗaya an cusa ta a lungu bayan kujera, ɗayar tana cikin kabad tare da kwanukan Hajiya, kowane bugun ganga sai murafai sun amsa. Fanka na kaɗawa a lamba ta ƙarshe. A cikin wannan ɗaki ne ake so a ji bambancin da masu awo ke nema da na'ura a ɗakin gwaji! Ka tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji tafin ya yi ƙara yana dawowa, matsalarka ke nan, kuma babu akwatin da zai warkar da ita. Ka shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninka da sifikun, ka rataya labule, ka jawo sifikun daga bango kamar kamu ɗaya ko biyu, ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazararka da kowacce. Wannan aikin na yamma ɗaya zai canja sautin fiye da kowace sitirima da ɗanka zai auno.

Sai kuran. Kowa ya san yadda take zuwa a Damagaram, musamman watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40: ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ta yi ƙasa har ƙwai ya yi ja. Dawowar nan ita ke kashe kaya. In akwatin jaka 700 ya ƙone, ba mai gyaran da zai samo maka allon cikinsa a Kasuwar Dole, garantin kuma yana can Faransa. Kafin kowace sitirima, ka sayi na'urar daidaita wuta ta kirki, da abin kariya mai jinkirta kunnawa na ƴan mintuna bayan kuran ta dawo. Ni a gidana ba na jona kayan sauti a bango kai tsaye ko na minti ɗaya, kuma ina lulluɓe su da ƙyalle duk lokacin hunturu saboda ƙura, in cire in zan kunna don su sha iska. Kai ma haka za ka yi.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: sitirima kwamfuta ce, tana tsufa irin na kwamfuta. Amfilifayarka ta shekara goma za ta iya ƙara ashirin. Ita kuwa sitirima ranta na hannun manhaja. Kamfanin Logitech ya daina ƙera sitirimarsa Squeezebox a 2012. Google ya tsayar da tasa, Chromecast Audio, a 2019, duk da farin jininta a kan dalar Amurka 35. A 2020 Sonos ya sanar da daina sabunta wasu tsofaffin kayansa, masu su suka yi ta kuka. In abu zai tsufa cikin ƴan shekaru, gara wanda za ka canja ba tare da zuciyarka ta yi zafi ba.

Ka kuma tambayi ɗan naka wace manhajar waƙa yake nufin ka yi amfani da ita. Masu yabon akwatunan nan a Turai yawanci Qobuz suke ji, ita kuwa ba a buɗe ta a Nijar ba. Spotify ya shigo mana a 2021, akwai Boomplay da Audiomack da matasa suka fi sani, amma ba kowace sitirima ke ɗauke da su a cikinta ba. A duba wannan tun kafin a biya. A duba kuma akwai ƙofar igiyar intanet, domin bangon gidajen Birni masu kauri ba sa barin Wi-Fi ya ratsa. WiiM Mini ba ta da wannan ƙofa, Pro na da ita.

In bayan duk wannan zuciyarka na kan mai tsadar, ka yi gwajin da nake sa kowa. A jona duka biyun, a daidaita ƙarfin sautinsu daidai wa daida, domin kunne kullum yana zaɓen wanda ya ɗan fi ƙara, masu shago kuma sun san haka sarai. Ka juya baya, jikanka ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka ba, sau goma. In ka gane mai tsadar sau tara, ka saya da albarkata.

Tambaya: Na samu manhajar da ke mayar da MP3 zuwa FLAC. In na juya waƙoƙina duka, za su koma ingancin faifan CD? (Ɗalibi, Jami'ar Zinder)

Amsa: Ƙanena, ba za su koma ba. FLAC tsarin matse waƙa ne ba tare da zubar da komai ba, abin da aka ba ta kawai take adanawa. Abin da MP3 ta yanke ta zubar ya tafi har abada. Za ka cika memori ninki uku ko huɗu da sautin jiya. Goge manhajar, ka koma karatu.

Tambaya: Tunda na kunna sauti mafi inganci a manhajar waƙa, forfe ɗina ba ya kwana biyu. Kamfanin waya ne ke cuta ta? (Wata baiwar Allah, Sabon Gari)

Amsa: Hajiya, wannan karon ba ruwan kamfani, ke kika buɗe ƙofar. Waƙa a kan kilobit 320 a daƙiƙa tana cin megabait kusan 144 a awa. Ingancin CD kilobit 1,411 ne, wajen megabait 635 a awa in ba a matse ba, FLAC ta rage kusan rabi. Wanda ake kira mafi girma, 24/192, yana haura gigabait 4 a awa kafin matsewa, alhali kunnen ɗan Adam ba ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, wanda CD ta riga ta rufe, kuma da shekaru sun ja ko wannan ba a kaiwa. Ki mayar da shi matsakaici in kina kan forfe. Waɗanda kike ji kullum ki sauke su sau ɗaya inda kika samu Wi-Fi, ki riƙa ji ba intanet. Ni nawa suna kan faifan ajiya, karatu da wa'azi a folda guda, kiɗan gargajiya a folda guda, da kwafi na biyu a aljihun tebur.

Tambaya: In na haɗa tsohuwar salulata da amfilifaya ta igiya tana caji, sai in ji wani gurnani a sifika. (Mai shagon ɗinki, Zango)

Amsa: Cajar ce. Zare ta ka ji, gurnanin zai tafi. Sayi caja ta asali, ko ka cika batir kafin ka kunna. Tsohuwar salula da aka ajiye don wannan aiki kaɗai sitirima ce ta kyauta, kada ka raina ta.

Tambaya: Abokina ya ce Bluetooth na ɓata waƙa, wai in daina. (Wani matashi, Garin Malam)

Amsa: Yana matse ta, gaskiya ne. Tsarin matsewa na SBC da kowace na'urar Bluetooth ke da shi bai cika wuce kilobit 328 ba, LDAC na Sony na kaiwa 990 in ɓangarorin biyu sun san shi. Amma in waƙar taka daga bidiyo aka ciro ta, aka tura maka ta Xender bayan ta ratsa wayoyi biyar, Bluetooth ba shi da abin da zai ɓata. Ainihin fa'idar sitirima a kan Bluetooth ita ce in an kira ka waƙar ba ta tsayawa, kuma duk falo ba ya jin muryar mai bin ka bashi.

Tambaya: An aiko mini da amfilifaya daga Amurka, bakin filoginta daban ne. In sa mata adafta? (Malamin makaranta, Tudun Jamus)

Amsa: Malam, kada ka jona tukuna. Adafta bakin filogi kawai take canjawa. Juya bayan na'urar ka karanta: in an rubuta 100–240V, sa adafta ka kunna. In 120V kaɗai ka gani, wutarmu 220 ce, za ta ƙone nan take. Sai ka nemi taransifoma mai saukar da wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a jikin amfilifayar.